Ranar da Teku Ya Rufe Mini Hanya a San Malo

Ni ne wawan wannan labari, na faɗa da bakina tun kafin wani ya riga ni. Amma ku saurara, 'ya'yana, wauta kala-kala ce, kuma wadda kuke ba jikokina labari kuna ƙyalƙyala dariya a bayan idona ba ita na yi ba. Kun ce tsufa ne ya kama ni a Faransa. Ƙarya ne. Har na ji Hafsa ta ƙara wa zancen gishiri, wai an ga hawaye a fuskata. Iska ce ta shiga idona, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tekun can ya san irin iskar. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, da wannan bokon nawa na rabin zango. Wanda ya ga kuskuren rubutu ya gyara a ransa ya yi shiru.

Kun san ni mutumin ruwa ne. Mahaifina ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa, ya ratsa Sudan, ya tsallako ta Sawakin, ya yi hajjinsa ya ce shi kam ya iso. A Jidda aka haife ni. Makaranta na ɗan leƙa, malamin lissafi ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya, na bi masunta. Tun gashin bakina bai fito ba nake cikin Bahar Maliya. Na san inda kifin najil yake ɓuya, na san inda duwatsun murjani suke jiran cikin jirgi su farke shi, ina duban launin ruwa in gaya maka zurfinsa. Da ɗan jirgina mai inji ɗaya na ciyar da ku, na gina gidan nan na unguwar Kurayyat, na aurar da ku ɗaya bayan ɗaya. To a shekarar da nake ba ku labari, injin ya mutu mini wata rana a tsakiyar ruwa, abin da ke samun kowane masunci, yaro da babba. Masu gadin teku suka jawo ni zuwa gaɓa, muka sha shayi, muka yi sallama. Shi ke nan fa. Amma Usman, babbanku, ya ɗauki abin ya ɗora a ka kamar an yi girgizar ƙasa.

"Halas ya Abuya, ya isa haka. Ka haura saba'in, ga ciwon suga. Jirgin nan sayar da shi za a yi."

"Wa zai sayar?"

"Mu, 'ya'yanka."

"Ku sayar da motocinku tukuna, su ma ai suna mutuwa a hanya."

Muna cikin wannan ja-in-ja sai ga gayyata daga Faransa. Hafsa, autata, tana can garin Ren da mijinta Idirisa, mutumin Damagaram, yana aikin jinya a wani asibiti. Tana da tsohon ciki, tana son uwarta a kusa, ni kuma wai in zo in sha iska in ga ƙasa. Ba a gaya mini ba, amma na gane shirin sarai: a kai tsoho can nesa, a cika masa ciki, a lallaɓa shi, 'yar lelensa ta yi masa magana mai taushi, ya dawo ya miƙa jirgi da hannunsa. Na sa Usman ya rantse ba zai taɓa ko igiyar jirgin ba sai na dawo. A raina kuwa na ƙudurta cewa tunda ƙasar tasu a bakin teku take, to can zan nuna musu har yanzu ni ne uban teku.

Sai na gaya muku waye Idirisa, don ku da kuka tashi a Jidda ba ku san irin kunyar surukai ta mutanen gida ba. Yaron nan a filin jirgin sama, gaban Turawa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, mutane suna ta kauce masa da akwatunansu. Bai taɓa duban tsakiyar idona ba. Ba ya cin abinci inda nake ci. Kalmar "a'a" kuwa ba ta fita bakinsa in da ni yake magana. Da zan ce masa rana daga yamma take fitowa, zai sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba, sai dai akwai masu cewa daga gabas." Ni kuma, Allah ya gafarta mini, abin yana yi mini daɗi, don ku a gida ba na rufe baki kun ba ni amsa uku.

Shi ya riƙa ɗaukarmu a mota yana zagayawa da mu garuruwan bakin ruwa na yankin da suke kira Bretan. Mun fara da wani wuri a kan iyakar yankin, Mon San Mishel, dutse guda tsaye a tsakiyar fili, an gina gari a jikinsa, an ɗora masa coci a ka kamar hula. Gaskiya magina sun yi aiki. Lungunan ƙanana kamar na cikin Balad, tsohon garinmu na Jidda, sai dai su babu ƙamshin turaren bahur, sai na man shanu. Matakala kuwa kamar ba za su ƙare ba. Ummu Usman, uwarku, ta zauna a tsakiya ta ce ita aljannarta ba a can sama take ba, mu je mu dawo. Ni na hau har ƙarshe ban huta ba, gwiwoyina suna kururuwa ina danne su, don na san Hafsa za ta kai wa Usman rahoto. Daga sama na duba, sai yashi iya ganinka, da tumaki suna kiwo a gefe.

"To ina tsibirin da kuka ce?" na tambaya. "Tsibiri ba ruwa?"

"Ruwan ya ɗan fita ne, Baba," in ji Idirisa.

"Ya tafi kasuwa ke nan?"

Ya yi murmushi yana duban takalminsa.

Wata rana kuma muka je Kankal, garin masu kiwon abin nan mai ɓawo da muke ce wa mahar, su suna haɗiye shi ɗanye da lemon tsami, uwarku ta gani ta kau da kai tana istigfari. A nan ne na ga abin da ya sa na raina su gaba ɗaya. Jirage ne kwance a kan taɓo, kowanne ya karkata gefe guda kamar jakin da ya gaji, igiyoyinsu a yashe. Can ciki kuma, inda ya kamata a ce teku ne, tarakta ce take yawo. Tarakta, 'ya'yana! Na tara su na yi musu lacca. Na ce masuncin da ya bar jirginsa a taɓo haka, a Jidda ko gaisuwarsa ba za a amsa ba. Na ce wannan tekun ya ƙafe tun zamanin kakanninsu, kunya ce ta hana su faɗa. Idirisa ya ce, a hankali kamar mai roƙon gafara, ruwan yana tafiya ya dawo sau biyu kowace rana, kuma in ya dawo yana shanye gida mai bene. Na ce masa, Malam Idi, kai da ka taso a Damagaram, inda babban ruwanku tafki ne, ni za ka koya wa maddu da jazru, cikar teku da janyewarsa? Mu ma muna da su. Ruwa ya ƙaru taƙi ɗaya, ya ragu taƙi ɗaya, sai mai lura ne ma yake ganin alamar a jikin dutse. Ya ce, "Haka ne, Baba." Muka shiga mota muka koma gida kafin ruwan ya ƙaryata ni. Ku lura da wannan da kyau: ni ban yi ƙarya ba. Abin da na faɗa gaskiya ne a kan tekuna. Rayuwata duka ban taɓa ganin teku ya tashi daga wurinsa ba.

Sai ranar San Malo. Gari ne da ganuwa ta dutse ta zagaye shi, mai faɗin da mutane suke yawo a kanta, ga tsofaffin igwa suna fuskantar ruwa. Na gaya musu mu ma Jidda mun yi ganuwa, da muka waye muka rushe. Daga kan ganuwar na hango wani ɗan tsibiri kusa-kusa, tudu mai ciyawa, ga hanyar dutse shimfiɗe a kan yashi tun daga bakin gari har gindinsa, mutane suna ta zirga-zirga da 'ya'yansu da karnukansu. Na ce yawwa, yau za a yi zama irin na mutanen Jidda. Kun san mu ba ma zuwa bakin teku mu tsaya kamar 'yan sanda. Darduma ake shimfiɗawa, a kafa filas ɗin shayi, a miƙe ƙafa, sai zance ya ƙare a tashi. Dardumar da filas ɗin suna bayan mota tun ranar farko, ban samu wurin da ya dace da su ba sai yau. Idirisa ya duba wani allo a bakin hanyar, ya duba agogonsa, ya ce in za mu je gara mu leƙa mu juyo. Na ce yalla, ɗauko darduma.

Muka hau tudun, muka zauna a inda iska ba ta da ƙarfi, gari da ganuwarsa suna gabanmu kamar a hoto. Na tsiyaya shayi ke nan, kofin farko, sai ga wani Bature da riga mai ƙyalli yana busa usur yana kora mutane kamar awaki. Kowa ya tashi ya kama hanya. Ya iso kanmu ya yi magana da sauri, yana nuna ruwa yana nuna agogo.

"Me yake cewa?"

Idirisa ya amsa a hankali: "Ya ce, in Baba ya ga dama, wai da an fara haramar tafiya."

"Ba haka ya ce ba!" in ji Hafsa. "Abuya, cewa ya yi ku tashi yanzu-yanzu, ruwa na zuwa, wanda ya tsaya sai yamma."

Na duba. Ruwan yana can nesa, yana walƙiya, ba ruwansa da kowa. Na auna da idon da ya auna ruwa shekara da shekaru, na ce ko da gudu yake zuwa sai na gama filas ɗin nan kafin ya taɓa hanyar. Uwarku ta miƙe, ta kakkaɓe abayarta, ta kama hannun Hafsa ta ce, "Taso, ke ba ke kaɗai ba ce." Hafsa ta juyo ta kira mijinta. Na ga yaron ya dubi matarsa, ya dubi inda nake zaune, ya rasa inda zai sa kansa. Ya ce mata su yi gaba, ga mu nan. Baturen ya sake dawowa, ya yi ta magana, ya ɗaga hannuwa sama, ya bi bayan mutane. Idirisa ya tsuguna can gefen darduma, don ko a lokacin bai yarda ya zauna a kanta ba.

"Baba, da dai mun..."

"Sha shayi, Malam Idi. Tsoro ba ya yi wa namiji kyau."

Na sha kofi na biyu, na sha na uku, a tsanake, ina ba shi labarin wani ƙaton kifin hamur da na taɓa kamawa. Sannan na ce to, bismilla. Muka naɗe darduma muka gangaro. Da muka iso gindin tudun sai na tsaya. Hanyar tana nan, ina ganinta, amma a ƙarƙashin ruwa. Yashin da yara suke wasa a kai ɗazu babu shi. Kuma ruwan ba daga gaba yake zuwa ba kamar yadda teku mai hankali yake yi, ta gefe yake gudu kamar kogi, yana ratsa hanyar daga dama zuwa hagu. Can kan ganuwa na hango baƙar abaya da mutane cunkus. Na san uwarku ce, na san Hafsa tana riƙe da waya, na san labarin zai riga ni isa Jidda. Wannan ne ya tura ni, ba komai ba. Na tattare tobina, doguwar rigata, na cusa a wando, na ce ruwan iya idon sawu ne, biyo ni.

Sanyin ruwan nan, 'ya'yana, kamar an sare ƙafata da adda. Na yi gaba. Idon sawu ya zama gwiwa, gwiwa ta zama cinya, ban yi ko rabin hanya ba. Dutsen yana da santsi, ruwan yana ture ni gefe kamar ƙaton da ya sa kafaɗa. Ina jin Idirisa a bayana yana "Baba, pardon, Baba," ban waiga ba. Ƙafata ta hagu ta zame. Kafin in kai ƙasa sai na ji hannuwa biyu sun cafke ƙuguna, an ɗaga ni sama kamar buhun shinkafa, an juya da ni. Wata murya da ban taɓa ji ba ta daka mini tsawa a kunne:

"Wallahi ba za ka je ba, tsoho! Ka kashe kanka ka kashe ni? Koma!"

Idirisa ne. Yaron da bai taɓa duban idona ba. Ya sunkuce ni ya nufi tudu, yana tangaɗi, muna dab da fita ruwan ya kwashe ƙafarsa muka faɗi tare. A nan na ga yadda yake dukan ruwa da hannu bibbiyu, na gane ko iyo bai iya ba. Ashe haka ya biyo ni ciki. Na damƙi wuyan rigarsa da hannu ɗaya, na riƙe dutse da ɗayan, na jawo shi. Wannan wurin ne Hafsa take tsallakewa in tana ba da labari. Shi ya ɗauko ni, ban musa ba, amma ni na fito da shi. A rubuta duka biyun.

Muka koma saman tudu jiƙe sharkaf, haƙora suna kaɗawa. Filas ya tafi, ya zama rabon kifayen Faransa. Dardumar ce Allah ya sa Idirisa ya jefar a kan dutse kafin ya shiga, ita muka lulluɓa mu biyu, suruki da suruki, kafaɗa da kafaɗa, abin da in aka ji a Damagaram sai an yi taron dangi. Wani ƙaramin jirgin masu ceto ya zagayo, suka ga muna sama lafiya, suka yi magana da shi, ya ce sun ce in babu mai rauni mu zauna ruwa zai buɗe da yamma, in kuma muna so su ɗauke mu. Na ce ka gode musu. Ni da aka jawo sau ɗaya a shekarar nan, ba za a jawo ni sau biyu ba. Muka zauna ina kallo. Duwatsun da na gani ɗazu masu tsayin gida, ruwa ya hau su ɗaya bayan ɗaya ya shafe, har ya je yana dukan gindin ganuwa. Na yi tasbihi, don wanda bai yi tasbihi a nan ba zuciyarsa dutse ce. Idirisa kuwa kunyarsa ta dawo masa gaba ɗaya, ya cusa kai cikin gwiwa.

"Baba, ka yafe mini. Ban san abin da bakina ya faɗa ba."

"Wa ka ce wa tsoho?"

"Ruwan nake nufi, Baba."

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga nan ne iskar ta shiga idona. Da yamma, rana tana nan sama don ranarsu ta bazara ba ta san faɗuwa ba, ruwan ya tattara ya koma inda ya fito, hanya ta bayyana, muka tako da ƙafafunmu. Hafsa ta rungume mijinta tana kuka. Uwarku ta dube ni daga sama har ƙasa, ta miƙo mini rigar sanyi. Haka ta yi shiru da zancen har Hafsa ta sauka lafiya, aka yi suna, muka dawo Jidda.

Ba mu gama sauke kaya ba Usman ya tara ku a falo, ya kunna hoton a waya, kowa ya ga ubansa a sama ƙafafu suna lilo. Ya ce to Abuya, saura me? Na miƙe tsaye na ba shi amsa, kuma har yau ban janye ko kalma ɗaya ba. Na ce wancan tekun wasu ne, ba nawa ba. Na ce a kawo mini masuncin San Malo mafi gwaninta, in sake shi cikin murjanin Bahar Maliya, in bai farke jirginsa kafin azahar ba a canza mini suna. Na ce baƙo ne ya yi kuskuren baƙo, ba tsoho ne ya yi kuskuren tsufa ba. Na ce ƙafar da ta hau Mon San Mishel ba hutu, da hannun da ya fizgo ƙato daga ruwa, ba su ne za a ɗaure a falo gaban talabijin ba. Kuka watse ɗaya bayan ɗaya. Ni na ci wannan zaman, kowa shaida ne, kuma jirgin yana nan da sunana, ba a sayar ba, ba kuwa za a sayar ba ina numfashi.

Amma kun sani, ni ma na sani, tun daga lokacin ban sake kunce igiyarsa na fita ni kaɗai ba. Ina zuwa in wanke shi, in tayar da injin in kashe, in dawo gida. Kuna cewa Faransa ce ta karya ni, wasu suna cewa Usman. To ga yadda aka yi. Washegarin zaman nan, da na dawo daga sallar asuba, na ɗauki ƙugiyoyina da jarkar ruwa, na leƙa kicin in karɓi gurasata. Uwarku tana tsaye tana juya waken ful a kan wuta, ta ba ni baya. Na ga shirun nata ya yi yawa, na ce bari in tsokane ta.

"Ummu Usman, ba ki ce komai ba jiya. Ko ke ma kin yarda tekuna na san shi?"

Ta rage wutar, ta juyo da ludayi a hannu.

"Tekunka ka san shi, Abu Usman, ban taɓa musu ba. Ni kuma kai na sani. A can ka samu ɗan mutane mai kunya ya bi ka cikin ruwa ya riƙe maka ƙugu, saura kaɗan ka mayar mini da 'ya bazawara da ciki. To a nan in taurin kan ya motsa, wa zai riƙe ka? Kifi?"